Ƙofa Kore Kusa da Mai Faci

"Kai ka gina shafin, kai za ka amsa!"

"Ni na gina, amma ba ni na liƙa kalmar sirri a ƙarƙashin tebur ba, Hajiya."

"Ka ji shi ko? Kyauta, kyauta. Tun farko na ce abin kyauta ba ya ƙarewa lafiya."

Sufeton 'yan sanda yana tsaye a bakin ƙofa. Mai ihun ita ce shugabar ƙungiyar da ke ɓoye matan da suka gudo daga dukan mazajensu. Wanda take yi wa ihun malamin kwamfuta ne, ana ce masa Injiniya. Shi ya haɗa musu shafin intanet shekara uku da suka wuce. A kusurwa sakatariya na zaune, hannuwanta a cinya.

Jiya da hantsi wani mutum ya shiga gidan da ƙungiyar ke ɓoye matan, ya kashe matarsa da wuƙa. An kama shi a wurin. Ya ƙi faɗin wanda ya nuna masa hanya. Amma a wayarsa an sami hoton ƙofar gidan, kuma daga shafin ƙungiyar ya sauke shi.

Sufeto ya ajiye wayar a tebur.

"Mutum nawa suka san gidan?"

"Mu huɗu," in ji Shugaba. "Ni, shi, sakatariya, da direba. Kowa sai da ya rantse ba zai faɗa ba, ba zai rubuta ba."

Sufeto ya juya ga Injiniya. "Nuna min cikin shafin. Ka yi min bayani kamar kana yi wa kakarka."

Injiniya ya zauna gaban kwamfuta. Ya ce manhajar da ya gina shafin da ita ta kowa da kowa ce. Ba a saye, kowa na iya duba cikinta ya gyara, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke amfani da ita. Da ita ko wanda bai iya komai ba zai sa labari da hoto.

"Tana mantuwa?"

"A'a, yallaɓai. Abin da aka goge kwandon shara yake tafiya. Yakan yi wata a can."

Ya buɗe kwandon. Ga hoton. An sa shi ranar Talata, biyu da minti huɗu na rana. An cire shi biyu da minti sha uku.

"Wa ya sa?"

"Sunan shiga ɗaya muke amfani da shi duka. Na roƙa a ba kowa nasa. Aka ce haddar za ta yi yawa."

"To kai ke nan," in ji Shugaba. "Ko daga gadonka kana iya shiga."

Sufeto ya kira direba. Ranar Talata yana wurin kanikanci tun safe har la'asar, kanikawa uku sun tabbatar ta waya. Da aka nuna masa kwamfutar sai ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Ranka ya daɗe, ni ko saƙon waya 'yata ke karanta min."

Aka sallame shi.

Injiniya ya ce yana aji a lokacin. Sufeto ya ce aji ba ya hana mutum taɓa waya na minti tara. Injiniya ya sunkuyar da kai. Kofur da ke bakin ƙofa ya riga ya ciro ankwa.

Sufeto bai yi gaggawa ba. Ya ja kujera, ya shiga ma'ajiyar hotunan shafin, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sun haura ɗari uku. A gefen kowane hoto akwai wani ɗan akwati. A wasu babu komai a ciki. A wasu akwai rubutu.

"Wannan fa?"

"Bayanin hoto ne, don makafi. Wayarsu na karanta musu shi da murya. A fuskar shafi ba ya fitowa."

Sufeto ya ɗauki hoton fankar ofis da wayarsa, ya tura wa kwamfutar.

"Kowa ya sa min wannan a shafi. Ɗaya bayan ɗaya. Sauran su jira a waje."

Shugaba ta fara. Ta yi minti goma tana tsaki, ta danna nan ta danna can, a ƙarshe ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Injiniya ya gama kafin a ƙifta ido. Ya tsallake akwatin ko kallonsa bai yi ba.

Sakatariya ta zauna. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, mai tsabtar aiki. Ta sa hoton. Yatsunta suka wuce cikin akwatin da kansu: Fanka fara a rufin ofis. Sai da ta kai ƙarshe ta tsaya. Ta ɗauke hannuwanta a hankali.

Sufeto ya kira sauran.

"Hotunan da ke da bayani, wa ya sa su?"

"Ita ce," in ji Injiniya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mukan tsokane ta ma. Mahaifinta makaho ne, da waya yake jin labarai."

Sufeto ya buɗe hoton ƙofar daga kwandon shara, ya juya fuskar kwamfutar gare su. A cikin akwatin an rubuta: Ƙofa kore, kusa da mai faci, bayan tankin ruwa.

"Direba bai iya ba. Hajiya ba ta iya ba. Injiniya ya iya, amma bai taɓa cika akwatin nan ba. Mai sauri da tsoro ba ya tsayawa yin aikin da bai saba ba. Hannun da ya saba ne ke yi ba da shawarar mai shi ba."

Shugaba ta zauna a ƙasa, ba ta nemi kujera ba.

"Mutumin da ya yi kisan, mene ne shi a wurinki?" Sufeto ya tambayi sakatariya.

"Ƙanina ne. Uwa ɗaya, uba kowa da nasa. Ni na goye shi." Sakatariya ba ta ɗago ba. "Wata huɗu yana zuwa gidana yana kuka. Yaya, 'ya'yana kawai zan gani, ko daga nesa. Na ce na yi rantsuwa. Bakina bai faɗa ba. Ce masa kawai na yi ya duba shafinmu ƙarfe biyu."

"Kin ce ba za ki rubuta ba."

"Ban rubuta ba. Hoto ne."

Sufeto ya nuna akwatin da ɗan yatsa. Ta karanta shi, leɓɓanta na motsi, kamar rubutun wani ne.

"Ke kika karɓi matarsa ranar da ta zo," in ji Shugaba. "Ke kika wanke mata fuska."

Kofur ya matso. Sakatariya ta miƙa hannuwanta ba gardama. Injiniya ya jingina da bango, ya rufe ido. A waje direba yana ta da mota, don akwai mata bakwai da dole a kwashe daga gidan kafin yamma, kuma ba a san inda za a kai su ba.

A bakin ƙofa sakatariya ta tsaya, ta juyo. Ta dubi Sufeto, ta dubi Shugaba.

"Yaran fa? Suna ɗakin lokacin?"