Tabon da Ya Narke a Goshin Baba

"Ba za ta zo ba."

Hazim ya faɗi haka yana juya cokali a kofin shayin da tuni ya huce. Muna zaune a wata rumfa a bakin Nilu, ko kallona ya kasa yi.

"Wa?"

"Mamata."

"Saboda me?"

"Rabab, kin san dalili..."

"Ban sani ba. Faɗa min da bakinka."

Ya sauke numfashi. "Ta ce ba za ta taka gidan mutumin da ya watsa wa matar mamaci kayanta a titi ana saura kwana biyu sallah ba."

Na dafe kai. "Hazim! Wasan talabijin ne fa! Wasan azumin bana!"

"Na faɗa mata."

"Ta ce me?"

"Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Amma wai babu mai iya irin wannan kallon sai in da abin a zuciyarsa."

Wallahi ji na yi kamar in ɗauki kofin in jefa cikin kogi. Tun ina firamare nake fama da wannan magana, yanzu kuma ta biyo ni har maganar aurena.

Babana shi ne Bahgat al-Fayyumi. Kada ku wahalar da kanku, ba ku san sunan ba. Babu wanda ya san shi. A jikin fasta, sunansa ne na biyar ko na shida, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Amma fuskarsa, duk Masar babu gidan da ba ta shiga ba. Shekara talatin da shida yana fitowa a dandamali da fim da talabijin: yau mugun mai gidan haya, gobe lauyan ƙarya, jibi kawun da ya cinye gadon marayu. Sau arba'in da ɗaya aka kashe shi, ni na ƙirga. Samarin da ba a haife su ba lokacin da ya fara wasa duk sun mare shi a gaban kyamara sun zama taurari, shi yana nan inda yake.

Akwai ranar da wata mai sayar da kayan miya a kasuwar unguwarmu ta Shubra ta jefe shi da ruɓaɓɓen tumatir. Ya dawo gida yana washe baki kamar an ba shi kyauta, wai aiki ya yi kyau. Ni na wanke rigar.

"Saurare ni, sanyin idona," Hazim ya ce a hankali. "Na roƙe ta har da hawaye. Ta yarda ta zo ranar Juma'a bayan la'asar, ta gan shi da idonta. Rabin awa kawai."

"In bai yi mata ba fa?"

Ya ci gaba da juya cokalin. Na san amsar. Hajja Insaf ita kaɗai ta raine shi tun rasuwar mahaifinsa, ita ta yi ɗinki har ya zama mai haɗa magunguna. Hazim yana sona kamar ransa, amma ba zai tsallake maganarta ba. Ni ma da zai tsallake, da ya ragu a idona.

Shekara uku muna son juna, ga shi duk an ɗora su a kan rabin awa.

Da na koma gida na tarar da Baba yana shayar da shukokinsa a baranda, sanye da singileti da tsohon wandon barci. Na zayyane masa komai.

Idanunsa suka yi haske. "Wa... wa... wane irin uba take so?"

A nan sai in gaya muku abin da ni da marigayiya Mama kaɗai muka sani. Baba yana da in'ina, mai tsanani kuwa. In rubutacciyar magana aka ba shi ya haddace, sai ta zubo kamar ruwan famfo, ko gargada babu. In kuwa tasa ce ta kansa, sai harshen ya sarƙe. Shi ya sa ko wajen mahauci zai je, yana da jimlolinsa da ya tanada. Ba ya hira da 'yan jarida, ba ya zaman majalisa. Mutane suna cewa girman kai ne, shi kuma ya fi son su ce hakan.

"Babu wane iri, Baba. Kai kawai take son gani."

"Ni ka... kawai? Wa zai sayi ti... tikitin wannan?"

"Baba, ba wasa ba ne! Aurena ne!"

"Shi... shi ya sa za a yi shiri."

Daga ranar gidanmu ya zama ɗakin gwaji. Ya ɗauko takardunsa masu ruwan ɗorawa ya rubuta jawabi shafi huɗu. Da safe yana gaban madubi yana gwada murmushin mutanen kirki, wanda ya fi na mugunta ban tsoro. Da rana ya zaunar da ni wai in zama Hajja Insaf in yi masa tambayoyi.

"Ba zan yi ba!"

"To ka... karanta min nan kawai. In kin ce 'madalla' sai in shigo."

"Ita Hajjar ka ba ta takardar ne? Ta san za ta ce madalla?"

"Kowa ya... yana cewa madalla."

Ranar Alhamis ya shigo da jaka daga ɗakin kayan gidan wasansu: farar jallabiya, tabarau marar magani, da carbi mai tsawon igiyar shanya.

"Baba, ka mayar musu. Don girman Allah ka mayar."

"Ja... jallabiyar kawai zan sa."

"Ka yi alkawari?"

Ya ɗora hannu a ƙirji. Ni da wauta na yarda, na manta da wa nake magana.

Juma'a ta zo da zafin watan Agusta, irin wanda ko tsuntsu ba ya tashi. Ina kicin tun bayan azahar, na gasa kek ɗin basbusa, na haɗa jan sharbat, lemon da muke sha in an yi baiko, na sa a firji, ko Allah zai sa a kai ga shansa. Baba ya kulle kansa a ɗaki. Sai da aka danna ƙararrawa, na shigo da baƙi falo na zaunar da su, sannan ya buɗe ƙofa.

Jallabiya. Tabarau. Carbi. Duk na yafe.

Amma a tsakiyar goshinsa ga wani baƙin tabon sallah, faɗin kwabo, wanda da safe babu shi!

Baba mai sallah ne, ban taɓa ganin ya yi fashi ba, Allah ne dai bai ba shi tabo ba. Shi ne ya ɗauko akwatin kwalliyarsa ya ba wa kansa. Kuma ya iya, sai ka rantse shekara sittin ya yi yana dungura goshi a tabarma.

Na zare masa ido. Ya wuce ni kamar bai san ni ba.

"Marhabin da Hajja! Yau haske ya shigo gidanmu. Marhabin da ɗana Hazim!"

Muryar nan mai kauri ta cika falon. Hajja Insaf, gajeriyar mace mai baƙin mayafi, ta ƙanƙame jakarta a cinya kamar za a fizge. Ta kalli fuskarsa, ta kalli goshin, ta sake kallon fuskar.

Ya fara jawabi. 'Ya mace amana ce. Shi bai tara dukiya ba, tarbiyya ya tara. Yana magana yana jan carbi, yana sunkuyar da kai daidai inda ya kamata. Abin haushin, yana aiki! Na ga hannun Hajja ya saki jakar. Har ta ɗauki basbusa ta gutsura.

"Madalla," ta ce.

Baba ya saci kallona da gefen ido, wai na gani?

Yana shafi na biyu wuta ta ɗauke. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.

A wajen ɗaukar fim akwai mai tsayawa da hoda da auduga, duk minti biyar ta zo ta danna maka goshi. A falonmu babu. Gumi ya fara tsattsafo wa Baba. Na ga gefen tabon ya yi laushi. Na yi masa alama da yatsa, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ɗaga murya.

Wani baƙin layi ya gangaro a hankali, ya ratsa tsakanin girarsa, ya bi ƙarƙashin tabarau, ya tsaya a kan karan hanci.

Hazim ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage.

Hajja ta ajiye basbusar a faranti.

"Ustaz."

"Na'am, Hajja?"

"Sallarka tana zuba."

Baba ya taɓa hanci, ya kalli yatsansa.

"Tashi mu tafi, Hazim." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Mugu na zo gani. Da shi na tarar, wataƙila in haƙura, don yarinyar ta shiga raina. Amma mutumin da zai zana sujada da fenti don ya yaudari tsohuwa a cikin gidansa? A'a. Ban san me kuma aka zana a gidan nan ba."

"Mama, don Allah..."

"Na ce tashi!"

Ban san lokacin da na fashe ba. "Abu ɗaya na roƙe ka, Baba! Ɗaya tak! Tun ina ƙarama ake nuna ni ana cewa ga 'yar mugu, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Rabin awa na ce ka zama ubana kawai, shi ma ka kasa! Sai da ka mayar da ni 'yar kallo!"

Ina kuka ina faɗa, kuma ina faɗa ina jin nauyin abin da nake nema a wajensa.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya ajiye carbin. Ya zaro takardun nan huɗu daga aljihu ya ɗora a kai. Sannan ya sa hannun farar jallabiyar ya goge goshinsa, fentin ya dame masa rabin fuska.

Hajja ta kai bakin ƙofa.

"Ha... Ha... Hajja. Da... da... dakata."

Ta juyo a fusace. "Wannan kuma wane sabon wasa ne?"

"Ba wasa ba ne," na ce. "Maganarsa ke nan. Bayan ni da Mama, ke ce ta farko da ta ji ta."

Hazim ya kalle ni baki buɗe. Shekara uku ko shi ban gaya wa ba.

"Ina she... shekara tara," Baba ya ce, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, "malami ya sa ni ɓa... ɓarawo a wasan makaranta. Ra... ranar na fara magana ba a yi min da... dariya ba. Shi ke nan ban sa... sake fita daga cikin wasa ba."

Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Uwarta ta ra... rasu tana da shekara bakwai. Ni na... nake yi mata kitso. Ba kyau, amma ni... ni nake yi. Na ji tso... tsoro ne, Hajja. Kada ki ce 'yar mu... mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya iya fa... faɗa. Ni ki ƙi ni. Amma Ra... Ra... Ra..."

Ya maƙale. Leɓɓansa suna rawa, idanunsa sun rufe, sunan ya ƙi fita. Tun ina ƙarama in ya maƙale ni nake ƙarasa masa, don haka na buɗe baki.

Hajja Insaf ta ɗaga min hannu. "Bar shi ya ƙarasa."

Muka tsaya. Ana jin hon ɗin motoci daga titi, da mai tallar gas yana buga tukunyarsa. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar shekara.

"...Rabab. Ba ta da lai... laifi."

Hajja ta daɗe tana kallonsa. Sai ta buɗe jakar nan da take ta ƙanƙamewa, ta zaro hankici ta miƙa masa.

"Akwai saura a gefen hanci."

Ta koma kujerarta ta zauna. "Kai kuma zauna, ka tsaya min a ka kamar sandar fitila. 'Yata, ba a shan komai ne a gidan nan?"

Na ruga kicin ina tuntuɓe. Sharbat ɗin ya fara ɗumi, garin sauri har ya zuba a tire. Da na dawo na tarar tana tuhumarsa.

"Amma tsakani da Allah, Ustaz, matar nan da ka kora... ko tausayi ba ka ji ba?"

"Ha... Hajja, a Zamalik, unguwar masu kuɗi, take zaune. Mo... motocinta biyu. Ni a bas na dawo."

Hajja ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ta goge ido, ta buɗe tafukanta.

"To, a karanta Fatiha kafin in canza ra'ayi."

Muka ɗaga hannu. Hazim yana kallona ta ƙasan ido, hawaye shaɓe-shaɓe, leɓɓansa suna cewa "masoyiyata" babu sauti. Baba ya ja Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya bai yi gargada ba. Hajja ta buɗe ido ɗaya tana hararensa.

"Wannan ya haddace ta," na raɗa mata.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Daren jajibiri na tambaye shi ko in rubuta masa abin da zai faɗa. Ya girgiza kai.

Aka lulluɓe hannunsa da na Hazim da farin hankici, masallaci cike da 'yan Shubra da suka zo kallon mugu yana aurar da 'ya. Ya fara, "Na au... aurar maka da 'yata..." sai ya maƙale a sunana, a gaban kowa, da lasifika a bakinsa.

Babu wanda ya yi dariya. Babu wanda ya ƙarasa masa.

Sau arba'in da ɗaya na ga an kashe babana ina cin gyaɗa. Ranar da ya tsaya yana kokawa da sunana har ya fito, sai da Hajja Insaf ta ba ni hankicinta.