Fitowar Baba Jibirin a Talabijin

Da hantsi ƙara ta iso wa Sufeto Saifuddeen a garin Sinnar na ƙasar Sudan: an sace kaset ɗin 'yan talabijin a wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi. Shirin nan ne mai dogon zango da yara suka girma suna kallo. Sun zo ɗaukar kashi guda, suka gayyaci Baba Jibirin masunci ya fito baƙo a ciki, mutumin da ko rediyo ba shi da ita.

Sufeto ya duba motarsu. Ba a ɓalle ƙofa ba, ga kyamara nan lafiya lau. Wanda ya bar kyamara ya ɗauki kaset, ba yunwa ce ta aiko shi ba.

"Ko motsi ban yi daga motar ba, janabu, ranka ya daɗe," in ji direba.

"A kan sitiyari ka yi azahar jiya?"

Direba ya sosa ƙeya, ya ce dattijon nan, Baba Jibirin, ya bar wa ajiyar mabuɗi.

Darakta kuwa, mutumin Khartum, sai yabo yake. "Aikinsa kaɗan ne, miji ya fusata ya saki matarsa. A ɗauka ta farko jaki ya yi kuka, a ta biyu dattijon ya yi dariya, sai a ta uku muka dace."

"Wa ta fito a matar?"

"Shi ya kawo ta. Ya ce ba zai tsaya kusa da matar wani ba."

Sufeto ya gane. Shi ma ɗan irin wannan ƙauye ne, kuma ya so a ce bai gane ba.

Ya tarar da Baba Jibirin a tsakar gida yana gyaran koma. Murhu babu ko toka mai ɗumi.

"Baba, ina uwargidanka, Inna Maijidda?"

"Ta tai gaida ɗan'uwanta."

"Har da tukwanenta?"

Koma ta zame daga hannun tsoho.

"Ɗana, wallahi wasa na ɗauka. Da dariya munka taho gida, liman ya tare ni ya ce saki ba shi da wasa, ga shi sau uku na faɗi. Na ce in kaset ya ɓace, wa za shi shaida? Na jefa shi kogi."

"Rabin gari na tsaye ana ɗauka, Baba."

"Na sani. Ta ce ko gari bai ji ba, ita ta ji."

Sufeto bai ciro ankwa ba. Tausayi ya cika shi, ya sa tsohon gaba zuwa mota, kansa babu hula.

A kan hanya, ga Maijidda a ƙofar gidan ɗan'uwanta da hular da ta wanke wa tsohon. Tun suna da ƙuruciya ita ke ɗora masa. Tsoho ya tsaya, ya ɗan sunkuyar da kai kamar kullum.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙa wa Sufeto hular.

"Ba wa malamin nan," ta ce. "Rana na da zafi."