Bornin da Ya Ɓata Ranar Suna

Tukunyar shinkafar ta karkace. Abin da Sufeto Rasmata ta fara gani ke nan da ta kafe babur ɗinta a ƙofar gidan suna a Zango. Ƙatuwar tukunya ce, mata sun kewaye ta suna shewa, amma ta jingina gefe ɗaya kamar mai gyangyaɗi. Ta dube ta, ta wuce.

Ba suna ta zo ba. Razak mai sayar da tayoyi ne ya kai ƙara komisariya, ofishin 'yan sanda, da safe, wai an sace masa borni, dutsen sumuntin nan da ma'aikatan meri, hukumar gari, suka kafa a kusurwar kowace parsel, wato fuloti, bara, lokacin da aka yanka unguwar. Kafin nan wajen gonaki ne da gidajen laka, kowa ya san iyakarsa da ido.

"Madam Sufeto, ga ramin," in ji Razak, riƙe da gatari. "Yau magina za su haƙa mini tushen shago. Sun ce babu borni, babu aiki. Maƙwabcina Illiya ne! Filina yake so ya ci. Ki kama shi yau ɗin nan."

"Gatarin fa na mene ne?"

"Na wannan mangwaron. Da aka ja layi a parsel ɗina ya faɗo, kuma daidai nan shagon zai zauna."

Rasmata ta durƙusa. An daɗe ba a ga ruwan sama ba, amma ƙasar ramin da danshi. A bakinsa akwai busasshiyar kumfar sabulu da 'yan ƙwayoyin shinkafa. Da ruwan wanke-wanke aka jiƙa wurin kafin a tona.

Ta sa aka kira Illiya, uban jariri. Ya fito cikin sabuwar shadda, abokansa na biye.

"Allah ya raya. Ina kake jiya bayan la'asar?"

"Kosodo, wurin aiki."

"Kai Illiya, ji tsoron Allah!" wani abokinsa ya ce daga baya. "Ba tare muka jawo ragon nan daga kasuwa ba, har ya tunkure ka?"

Aka fashe da dariya. Illiya bai yi ba. Ya sunkuyar da kai.

"To, ni ne. Ni na cire. Mu tafi kawai, kada a ɓata wa mutane biki."

"Da me ka tona?"

"Da diga."

"Ina ka kai shi?"

Idonsa ya zame zuwa wajen girki, ya dawo da sauri. Mai diga ba ya neman ruwan wanke-wanke. Rasmata ta bar shi tsaye ta shiga cikin mata.

Mai riƙe da babban ludayi Kaka Zulai ce, mahaifiyar Illiya, gajeriyar tsohuwa mai damatsa kamar na manomi.

"Sannu da aiki, Kaka."

"Yauwa 'yata. Zauna ki ci. Dubi wuyanki! Gwamnati ba ta ciyar da ku ne?"

"Kin ga bornin Razak?"

"Ni ina na san borni? Boko na yi?"

Matan suka goya mata baya gaba ɗaya, har da masu rantsuwa. Rasmata ta leƙa ƙarƙashin tukunya. Duwatsun murhu biyu mulmulallu ne. Na ukun kuwa mai kusurwa huɗu ne, ya fi su tsawo, kuma jan fenti na leƙowa ta cikin baƙin hayaƙi.

Ta karɓi kwano ta zauna a tabarma ta ci, ta jira har aka kwashe shinkafar tas. Sannan ta ce, "A sauke mini tukunyar nan."

Lambar parsel ɗin Razak ta bayyana a kan dutsen.

Kaka Zulai ta ajiye ludayi. "To, ni ce. Ku sakar mini ɗa. Ruwa na zuba, na tona da fartanya, na ɗauko a kwando."

"Don me, Kaka?"

"Ranar da na haifi Illiya na dasa mangwaron nan. Cibiyarsa na ƙarƙashi. Ta wannan jaririn ma da ta faɗi can na binne. Sai a ce a sare, a zuba taya a kai? Na ce in babu dutse babu gini."

Razak ya sauke gatarinsa.

Rasmata ta ari ma'auni wurin ɗaya daga cikin maginan Razak da ke jira. Ta sa ya riƙe a bakin ramin, inda layin titi yake, ta ja zuwa gindin mangwaron.

"Razak, ka san dokar sabon yanka? Sai ka bar mita uku tsakanin titi da bangon gini. Itacen nan bai kai biyu ba. Ko ka sare shi, bulo ɗaya ba za ka aza a nan ba. In ka aza, meri za ta rushe. Shagonka sai ya ja baya."

Magini ya sosa ƙeya, ya dubi Razak. "Haka ne kam, patron. Kuma masu saye sun samu inuwa."

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Illiya ya rufe fuska da hannun riga yana dariya.

"Kaka, ke kuma ba ki tsira ba," in ji Rasmata. "Cire borni laifi ne. Za ki bi ni komisariya ki faɗa da bakinki, ma'aikatan meri su zo su mayar da shi."

"A bisa babur?"

"A bisa babur."

"To, tsaya a zuba wa komiser, shugabanku, nasa rabon. Ba zan je wurin babban mutum hannu wofi ba."

Ta gyara ɗaurin kallabi, ta hau a karkace, ta rungume kwanon shinkafa da nama, aka ɗaure bornin a gaba. Mata suka raka su da tafi har bakin hanya.

Razak ya daɗe a gindin mangwaron yana duban ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya matsa gefe a hankali. Ya miƙa hannu ya tsinki nunanne guda, ya saɓa gatarinsa, ya bi ta bayan magina ya tafi.