Zoben Kakar Manoli

Ƙiiii! Ƙiiii!

Na'urar bakin ƙofa ta ɗauki kuka, jar fitila sai walƙiya take yi. Na ɗago kai, kuma wanda ke tsaye a cikinta ba kowa ba ne illa Manoli.

Manoli nawa.

"Kada ka motsa!" na ce, na fizgo ƙaramar na'urar awo daga ƙuguna.

"Rae, tsaya ki ji..."

"Babu wata Rae a nan, jami'ar awon turiri ce a gabanka. Ɗaga hannu!"

A lokacin ina da shekara ashirin da huɗu. Aikina a tashar nukiliyarmu da ke cikin daji kudu da Sydney shi ne tsaron ƙofa: duk wanda ya shiga wajen tukunyar nukiliya ba ya fita sai na tabbatar bai kwaso ƙurar turiri ba, ƙura mai guba da ido ba ya gani sai na'ura. Shi kuwa Manoli makanikin famfuna ne, ɗan Girkawa, kuma shekara biyu ke nan yana kawo min soyayyen kifi da dankali naɗe a takarda daga shagon mahaifiyarsa. Da kifin nan ya saye ni, ba na musu.

Na bi hannuwansa da na'ura, shiru. Na bi takalmansa, shiru. Ina kawowa ƙirjinsa allurar na'urar ta yi tsalle.

"Me ke cikin aljihunka?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ke sa allura rawa? Fito da shi."

Ya dube ni kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya zaro wani hankici, ya warware. Zobe ne na tsohuwar zinariya, an zana masa ganyen inabi sirara-sirara, da wani shuɗin dutse a tsakiya. Kafin in ce wani abu ya durƙusa, da farar rigar aikinsa da ledar da ke ƙafafunsa.

"Na so sai mun je bakin ruwa a Cronulla, 'yar tsanata. Amma tunda na'urarki ta tona min asiri... Raelene, za ki aure ni?"

Ma'aikatan da ke layi suka kaure da tafi da fito.

"Zan aure ka, sakarai kawai!" na ce, hawaye na zuba. "Amma ajiye zoben nan a faranti, kada ka ƙara taɓa shi."

Ashe tsoron barin sa a akwatin kaya ya yi, ya shiga da shi ciki. Suna cikin canza matatar ruwa kuma zumuɗi ya ɗebe shi, ya fito da shi ya nuna wa abokinsa da safar hannun da yake aiki da ita. Namiji in yana soyayya, sai dai a yi masa addu'a.

Shi dai wanka ɗaya ya raba shi da ƙurar. Zoben ne ya ƙi. Na wanke da sabulu, na goga da burushi, na jiƙa, na sake gogawa har yatsuna suka yi ciwo. Ƙurar ta riga ta shige cikin zanen ganyen da ƙofofin dutsen. Abu biyu suka rage: a zuba shi a ruwan asid ya cinye dutsen da zanen, ko a kulle shi a ma'ajiya har turirin ya mutu don kansa.

"Har yaushe?" Manoli ya tambaya.

"Irin wannan ƙurar, duk bayan shekara biyar da ɗoriya ƙarfinta ke raguwa da rabi."

"Ban tambaye ki lissafi ba, zuciyata. Yaushe?"

"Shekara talatin... ko sama da haka."

Ya dafe kai. "Mama za ta kashe ni."

Ni da hannuna na sa zoben a leda, na ɗaure, na kai shi ɗakin ajiya mai kaurin bango.

Ranar Lahadi ya kai ni gidansu da ke bayan shagon kifin. Kiriya Stamatia, mahaifiyarsa, tana zaune cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta. A bayan kujerarta Voula ce tsaye, 'yar ƙawarta da ke taya ta saida kifi, wadda tun tana 'yar makaranta idonta ke kan Manoli. Daga murmushin da ta yi min na san an riga ni shigowa.

"Ke ce kika jefa zoben uwata a shara?" tsohuwar ta ce, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ba a shara yake ba, Kiriya. Yana ajiye..."

"An ce har dariya kika yi. Kika ce tarkacen 'yan ci-rani ne."

"Ni? Wa ya faɗa?"

Voula ta gyara gashi. "Ni dai abin da na ji a shago na faɗa. Mutanen tasharku ai a nan suke sayen kifi."

"Mama, ƙarya ce, ina wurin!" Manoli ya ce.

"Rufe min baki, kai ma ai ta wanke ka ta shanya!" Ta juyo gare ni. "Kin san mene ne zoben nan? Da shi kaɗai na sauko daga jirgin ruwa. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, a ruwan wankansa na farko ake jefa shi. Ni an yi min. Manoli an yi masa. 'Ya'yanki ma da an yi musu."

Ruwan wankan jariri!

"To Kiriya, ai shi ya sa ma ba zai fito ba."

Ta miƙe, ta je gaban hoton Maryamu da ke kusurwar ɗaki, ta ɗora hannu a kai.

"Na rantse, yarinyar nan ba za ta zama matar ɗana ba sai ranar da zoben uwata ya dawo gidan nan."

A hanyar komawa Manoli ya tsayar da mota a bakin ruwan Cronulla, wurin da ya so ya durƙusa min tun farko. Rana ta yi sanyi, yara na ta wasa a rairayi.

"Makullin ma'ajiyar yana hannunki, Rae."

"Kada ka fara."

"Rana ɗaya tak! Ta gan shi, ta saki rantsuwarta, mu mayar."

"Ka san mahaifiyarka. In ya shiga hannunta zai sake fita? Sumbatarsa za ta yi, ta sa a ƙarƙashin matashi. Ƙanwarka kuma ga ta da tsohon ciki."

"Ɗan turiri ne kaɗan..."

"Kai ma ka san ba a kan fata matsalar take ba. In ƙurar ta saki a ruwa, jariri ya haɗiya fa?"

Ya kama hannuna, idanunsa sun yi ja. "Kina sona kuwa?"

"Kamar raina."

"To ki zaɓa."

"Na zaɓa, Manoli. Ba zai fito ba."

Ya tada mota. Ya sauke ni a gida, ya juya.

Ya yi ta faman lallashin uwarsa wajen shekara guda, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ɗan fari ne, maraya, kuma tsohuwa ta kwanta ciwo tana kiran sunan zobe. Daga baya ya ajiye aiki. Sai ji na yi an ɗaura masa aure da Voula, sun koma arewa sun buɗe gidan shayi. Na yi kuka har na gode Allah, washegari na sa rigar aiki na koma ƙofata.

Wani lokaci ina tuna shekarun nan in rasa yadda aka yi suka wuce. Fararen aku na ta ihu a bishiyoyin bakin shinge kamar kullum. Waɗanda suka tafa mana ranar nan suka yi furfura, suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Manema sun zo, har da wani likita mai kirki, amma duk wanda ya miƙo min zobe sai in ji ba shi ba ne. Kifi ma na daina ci, ƙamshinsa kawai ya isa ya ɓata min yini.

Duk shekara in an zo duba ma'ajiya, ni nake karɓar kantar da ledar take. In kara na'ura, in saurara. Da farko kuka take kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sannu a hankali ta koma tsartuwa. Abokan aiki har tsiya suke min: "Raelene ta tafi gaida saurayinta."

Ina da shekara hamsin da bakwai aka rufe tsohuwar tukunya, aka ce a kwashe ma'ajiyar. Na kara na'ura a ledar, ban ji komai ba sai ɗan ƙas-ƙas ɗin da ake ji ko'ina a duniya. Ban yarda da kunnena ba, na aika shi ɗakin gwaji. Suka jiƙa shi, suka auna ruwan, suka auna dutsen. Shugabarmu, wadda da a ce na haihu da 'yata ma ta girme ta, ta miƙo min shi.

"Tsaf yake, Raelene. Doka ta ce a mayar wa mai shi. Kin san inda yake?"

Na sani mana. Manoli ya daɗe da dawowa ya karɓi shagon uwarsa bayan sun rabu da Voula, kuma tun daga lokacin nake kauce wa layin nan kamar ana bina bashin rai.

Na same shi a bayan kanta yana juya kifi. Ya yi tumbi, gashin nan baƙi mai sheƙi duk ya zube. Yana ganina cokalin ya suɓuce masa.

"Rae..."

"Ka tsufa, Manoli."

"Ke kuma har yanzu bakinki bai mutu ba."

Na ajiye hankicin a kan kanta, na warware. Ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba.

"An yarda in taɓa?" ya ce a hankali.

"An yarda."

Maimakon zoben, hannuna ya kama.

Cikin gidan cike yake da mata, ashe a makon nan 'yarsa ta haihu. Ga baho an ajiye a kan tebur, ana shirin yi wa jaririya wankan farko a gida. Kiriya Stamatia na kan kujerarta ta dā, ta haura tasa'in, ta ƙanƙance, amma idon nan na nan da kaifinsa. Na durƙusa na sa mata zoben a tafin hannu.

Ta shafa ganyen inabin da babban yatsa.

"Kin daɗe a hanya, yarinya."

"Ba ni na daɗe ba, Kiriya. Shi ne."

"Voula ta faɗa min ba ki yi dariya ba. Ranar da za ta rabu da ɗana ta faɗa, don ta ƙona min rai." Ta share ido da gefen mayafi. "Na so in aika a kira ki. Amma na riga na rantse, ke kuma na san ba za ki sato shi ba ko sama da ƙasa za su haɗe."

Jaririyar ta tsala kuka. Tsohuwar ta dubi bahon, ta dube ni.

"Jikokina uku aka wanke babu shi, na yi ta tsine miki. Yanzu ke nake tambaya, ba likita ba, ba ɗana ba. Zai iya shiga ruwan?"

"Zai iya."

"To tashi. A gidanmu matar kakan jariri ce ke jefawa."

Na juya na dubi Manoli. Ƙaton tsoho da tumbinsa, yana ta kuka da rigar suya a jikinsa.

"Har yanzu amsar tana nan, 'yar tsanata?"

"Na taɓa janyewa ne, sakarai?"

Na saki zoben, ya nutse a ruwan ɗumi kusa da ƙafar jaririyar. Da aka gama wanka tsohuwar ta sa hannu ta tsamo shi, ta kamo yatsana. Ya ƙi wuce gaɓa, shekaru sun kumbura ta. Ta ja tsaki, ta mayar da shi ƙaramin yatsa, ta danna da ƙarfinta duka.

Jiƙe yake sharkaf, kuma ban bari kowa ya goge shi ba.