Sunan Da Huseina Ta Kasa Faɗa

Da zanin girki a jikinta, hannunta duk dusar gero, aka tusa ƙeyar Huseina ɗakin tsare masu laifi na wani ƙaramin ofishin 'yan sanda. Baiwar Allah! Matar da ko kazar maƙwabta ba ta taɓa jifa ba, yau ga ta zaune a kan siminti tana share hawaye da bakin mayafi. Tun rasuwar mijinta ƙaninsa Badamasi ya sa ido kan fadamar da mamacin ya bari a bakin madatsar ruwa ta Zobe, kuma ba abin da ya tare masa hanya sai Mas'ud, ɗanta na fari. Da injin ban ruwan wani manomi ya ɓace, Badamasi ya rantse da idonsa ya ga Mas'ud ɗauke da shi, alhali yaron ya bi motar tumatir zuwa kudu. Aka zo gida ba a same shi ba, sai baffan nasa ya ce, "Ku tahi da uwar, in ya ji zai fito."

Ɗan sandan da ya yi mata tambayoyi baƙo ne a ƙasar nan. "Mama, faɗa mini sunan ɗanki." Huseina ta sunkuyar da kai. Wayyo! Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san kunyar ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban jama'a, ko da zuciyarta na ƙuna. "Yallaɓai... wancan ne, yaron gidanmu." Ya daka mata tsawa, "Ɗanki ne ko ba ɗanki ba?" Ta ce, "Na dangin ubanshi ne, yallaɓai." Badamasi ya san abin da take nufi sarai, amma maras tsoron Allahn nan sai ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ɓoye shi take!"

Kwanaki suka yi ta tafiya. Badamasi ya shiga fadama ya dasa albasarsa, mata a bakin rijiya suka laƙaba mata uwar ɓarawo, zazzaɓi kuma ya kwantar da ita a kan simintin nan. Tana makyarkyata tana addu'a, "Ya Allah, Kai ne gatan maras gata... kada Ka bari yaron nan ya dawo ya faɗa hannunsu." Abu ɗaya ne ya fi ciwon cin ranta: ta mutu a nan, ɗanta bai taɓa jin sunansa daga bakinta ba.

Ran nan da hantsi wata majistare, Hajiya Khadijat, ta zo duba waɗanda ake tsare da su, kamar yadda sabuwar dokar shari'ar laifuka ta ɗora wa alƙalai. Ta durƙusa gabanta. "Inna, mi kika yi?" Huseina ta ce, "Ban yi komi ba, ɗiyata, wancan suke nema." Hajiya ta gane nan take, don ita ma 'yar fari ce. Ta miƙe fuska a murtuke. "Doka ta hana kama wani a madadin wani. Ku sake ta yanzu!" Amma kash! Ana fito da ita ke nan sai ga Mas'ud a bakin ƙofa, jiki duk ƙurar hanya, ya miƙa hannayensa biyu. "Ga ni, ku saki Innata." A kan idonta aka sa masa ankwa, ta kau da kai hawaye na zuba.

Allah ba Ya barci. Kafin ranar shari'a mai injin ya ci karo da kayansa a kasuwar Kurfi, mai sayarwar kuma ya tsaya gaban kotu a Dutsin-Ma ya nuna Badamasi da yatsa, "Wannan ne ya kawo mani shi." Direban motar tumatir ya shaida Mas'ud na hanyar kudu ranar da aka yi satar. Kotu ta wanke shi tas, ta ɗaure Badamasi kan sata da ƙazafi. Aka wuce da shi yana "Huseina, ki yafe mani!" Ta tashi ta fice.

A harabar kotu Mas'ud ya yi gaba kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba in suna cikin mutane. Huseina ta tsaya cak, ta ɗaga murya.

"Mas'ud!"

Sai da ya ƙara taku kafin ya tsaya, don bai san sunansa da wannan muryar ba. Ya waiwayo a hankali, ya zube a gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Inna... sake hwaɗi."