Turke na Goma Sha Uku

Da hantsi matar ta shigo ofishin 'yan sanda, idanunta a kumbure.

"Yallaɓai, littafin mijina aka sace."

Littafi? Insfekta ya so yin tsaki, ya daure. Ta ce mijinta ya shekara tara yana dafa ɓawon rogo da totuwar masara, har ya gano yadda ake yin leda mai ruɓewa a cikin ƙasa. Duk awon haɗin yana cikin littafin, da rubutun hannunsa. Tun da ya rasu wata uku ke nan, ta kasa taɓa durowarsa. Jiya ta buɗe, wayam.

Suka je wurin aikin tare da Kofur. Ledoji na shanye a kan faranti, sirara kamar ɓawon albasa. Insfekta ya duba kwaɗon durowar, lafiyarsa ƙalau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da ƙanensa, Auta."

Auta na juya tukunya, ko ɗagowa bai yi ba. "Nawa ya ɓace tun ranar jana'iza, Yallaɓai."

Insfekta ya kalli zaren da ke wuyan Auta, ga shatin makulli a ƙarƙashin rigarsa, ya wuce.

A bayan gini akwai filin gwaji. Nan suke binne leda su ga kwana nawa za ta yi kafin ta ruɓe, kowane rami da turkensa mai lamba. Jadawalin da ke bango ya nuna rami goma sha biyu. Insfekta ya ƙirga turaku, goma sha uku.

"Wannan na ƙarshen fa?"

"Akuya muke ɗaurewa," in ji Auta.

"Akuyar ma har da lamba? Kofur, kawo shebur."

Kofur ya haƙa, ya ɗago wani dunƙule baƙi. Ledar da aka naɗe shi da ita ta narke tas, ruwan sama ya yi ta ratsa shi. Littafin ya koma laka, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Insfekta ya sha ganin gawa, amma ba irin wannan ba.

Auta ya zube a ƙasa. "Ninki bakwai na yi masa don kada ya jiƙe. Hannuna ne ya saba, ya ɗauko ledarmu mai ruɓewa. Wayyo Allah, tamu na ɗauko!"

"Me ya kai ka?"

Auta ya dubi matar. "Anti, na ji kina waya da lauya. Na ɗauka sayarwa za ki yi, a goge sunan Yaya."

Matar ta matso kusa da shi.

"Takardar mallaka ake rubutawa da sunanka, Auta. Wasiyyarsa ce."

Kofur ya tashe shi ya nufi mota da shi, yana kuka kamar ransa zai fita. Matar ta durƙusa tana tattara lakar a gefen mayafinta. A doka, shaida ce, ofis za a tafi da ita. Insfekta ya buɗe baki zai faɗa, sai ya juya baya ya bar ta tana kwasa.