Hannun Ɗiyar Tamada

Katakon filawud na uku ke nan Garba kafinta ya ɓata tun safe. Andrew mai kiɗan biki ne ya ba shi aikin akwatunan sifika huɗu, kowanne da ƙaton rami zagayayye a gaba. Duk wanda ya yanka sai ya fito a karkace, bakinsa a tsattsage.

"Malam, ba haka ake yi ba."

Ya ɗago. Wata budurwa ce ta fake wa ruwan sama a rumfarsa ta kasuwar Yelwa.

"Mi kika ce?"

Ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta kife wani sabon katako, ta manna salatif a kan zanen don kada bakin ya tsage. Ta kafa ƙarshen wani siririn katako da ƙusa a tsakiyar zanen, ta ɗaure zarton lantarki a ɗaya ƙarshen, ta huda ɗan wurin da zai shiga, sannan ta zagaya da shi a hankali. Faifan ya faɗo ƙasa. Ramin ya fito sumul kamar bakin tasa.

Garba ya saki baki, fensir ya faɗo daga kunnensa.

"Baiwar Allah, mutum ce ke ko aljana?"

Ta yi dariya. "Mufida nake, ɗiyar Malam Tamada mai ƙera jiragen ruwa a Wara."

Kafin ruwa ya ɗauke ta yanka sauran ukun, shi kuma ya samu lambarta.

Da yamma ya tura mata: "Injiniyata, tun da kika tafi na kasa buga ƙusa daidai. Kin isa gida lafiya?"

Ta amsa: "Lafiya lau, Kafintana. Ka kula da yatsunka, ina da buƙatarsu."

Wata uku yana zarya tsakanin Yelwa da Wara. Wata rana suna zaune a bakin tafki ta ce, "Garba, shekara biyu ke nan hannun Baba yana rawa, ko guduma bai iya riƙewa. Ni ke haɗa jiragen a bayan gida, shi kuma ya sa musu sunansa. Don Allah kada kowa ya ji."

Ya dafe ƙirji. "Duk jiragen nan ke ce?" Ta gyaɗa kai. Ya rantse mata babu wanda zai ji daga bakinsa.

Ana nan aka yi wani biki a Wara, Andrew ya zo da sababbin sifikunsa. Yana tsakiyar kiɗa ya hango Garba, ya hau yabonsa, wai duk ƙasar Yauri babu mai yankan rami irinsa. Garba ya kasa haɗiye yabon da ba nasa ba. Ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ba ni na yanka ba. Mufida ce, ɗiyar Malam Tamada."

Sai wani matuƙin jirgi ya ce da ƙarfi, "Ashe shi ya sa ba mu ƙara ganin Tamada riƙe da zarto ba!"

Mufida ta toshe baki da hannu. Malam Tamada ya miƙe ya bar wurin bai waiwayo ba.

Saƙonta ya shigo kafin la'asar: "Ka tona mana asiri a gaban gari. Baba ya ce kada ka ƙara taka ƙofarmu."

Ya rubuta: "Wallahi maganar sifika kawai na yi, Zuciyata. Na yi wauta. Ki ba ni kwana bakwai."



Kwanakin nan Garba bai buɗe rumfa ba. Ya bi gaɓar tafki har Shanga yana neman duk wanda ya sayi jirgin Tamada cikin shekara biyun nan. Ran na bakwai mutum tara suka yi sallama a ƙofar gidan Malam Tamada, shi yana bayansu.

Malam Tamada ya fito jikinsa a sanyaye. "Kun zo maido da jiragen?"

Babbansu ya ce, "Maido wa? Malam, guguwar bara ta same ni tsakiyar ruwa da mutum talatin. Jirgi biyu suka kife a gabana, nawa ko yoyo bai yi ba. Mun zo mu ga wadda ta haɗa shi, mu yi mata godiya."

Tsohon ya zame ya zauna a dakali, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Mufida tana bayan ƙyaure tana kuka, Innarta na rarrashinta.

Can Malam Tamada ya kira Garba. "Kai ka tara su?"

"Ni ne, Baba. A yafe mini."

"Ka turo magabatanka. Amma ɗiyata ba ta barin Wara, kai za ka kwaso rumfarka ka dawo."

"Na yarda, Baba!"

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, matuƙan jirgi suka cika gaɓa da ganguna. Malam Tamada ya yi musu doguwar addu'a, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka shafa. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, a shirya mota a je Yelwa. Amarya tana gida, ango za a ɗauko."